Pauline da Gadon Bakin Taga

Duk ɗan Arewan da ya zauna a Largo, kusa da Washington ta Amurka, a shekarun 1980 ya san Pauline matar Katung. Wanda bai san fuskarta ba ma ya san tsakinta. Gajera ce, kakkaura, tana tafiya kamar za ta je kashe gobara, kuma da wuya ta ga abu ta yaba. Dusar ƙanƙara a wurinta ƙazanta ce mai sanyi. Kajin Amurka kuwa ta ce auduga ce aka saka wa ƙafa.

A Bukuru aka haife ta. Ubanta, Baba Choji, kuku ne a gidan wani Baturen kamfanin haƙar kuza. Tun tana yarinya take kai masa saƙo ta ƙofar baya, ta tsaya bayan kicin tana hangen 'ya'yan Turawa suna iyo a kulob. Da aka samu 'yancin kai sai aka yi biki, aka buɗe ƙofar kulob ɗin ga kowa. Manyan ma'aikata baƙaƙe suka shige da manyan riguna, Baba Choji kuwa ya ci gaba da bi ta baya da tire a hannu. Tun daga nan Pauline ta yanke hukunci cewa duk inda aka tara mutane ana tafi wai an buɗe ƙofa, yaudara ce.

Ta yi karatun nas a asibitin mishan, ta auri Katung, mutumin kudancin Kaduna mai sanyin hali. Shi ya fara zuwa Amurka karatun injiniya, ita ta biyo shi a 1980 da 'yarsu Martina a goye. Ya samu aiki a sashen hanyoyi na ƙaramar hukuma, ita kuma ta samu a wani gidan kula da tsofaffi da ke bakin babban titi.

Gidan ɓangare biyu ne. Na gaba yana kallon lambu, da furanni da kujerun shan iska. Na baya yana kallon wurin ajiye motoci da manyan kwandunan shara. Ba allo ko ɗaya a jikin bango da ya ce wane ya kwana nan, wane ya kwana can. Amma makon farko bai ƙare ba sai da Pauline ta lura cewa tsofaffin gaba duk farare ne, na baya duk baƙaƙe.

Ta tari manajan gidan, Mista Alexander, mutumin da haƙoransa kullum a waje suke kamar mai tallar man goge baki, ta tambaye shi dalili.

Ya ce, "Haba, Pauline! An wuce wannan zamanin tuntuni. Doka ma ta hana. Dace ne kawai."

Da ta koma gida tana kwashe tuwo ta ce wa mijinta, "Baban Martina, ka taɓa ganin dace mai ido? Yau na gan shi. Har launin fata yake tantancewa."

Katung ya ce, "Maman Martina, ki dai riƙe aikinki."

Ta riƙe. Amma kada a ɗauka tausayin baƙaƙen Amurka ne ya cika mata zuciya. Su ma ba su tsira daga bakinta ba. Takan ce mutane ne masu son tonon abin da ya wuce, kullum an yi mana, an yi mana. In ta ji matan da ke taya ta aiki suna hirar zamanin zanga-zangar neman 'yanci, yadda iyayensu suka zauna a kujerun gaban mota da aka hana baƙaƙe, sai ta taɓe baki ta wuce. A ganinta an sha duka ne a banza, tunda ga su nan har yau suna kallon shara ta taga.

A ɓangaren gaba akwai wata tsohuwa farar fata, Madam Constance Whitlow, wadda mijinta ya yi wani babban muƙami kafin ya mutu. Ba ta yarda baƙar Ba'amurkiya ta taɓa ta. Pauline kaɗai take bari ta yi mata wanka da allura.

Takan ce mata, "Ke daban ce. Ke 'yar Afirka ce ta gaske, ba irin namu na nan ba."

Pauline takan yi tsaki a ranta, ta ce wai yau ita ake naɗa wa sarauta a bakin fo. Sai dai in za a faɗi gaskiya, maganar takan ɗan yi mata daɗi, don ranar da aka faɗe ta tafiyarta ma canzawa take yi.

A 1984 aka cika shekara talatin da hukuncin kotun ƙoli da ya haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Ko'ina sai jawabai da bukukuwa. Kamfanin da ke da gidan tsofaffin shi ma ya ga bai kamata a bar shi a baya ba, ya gayyaci wata ƙaramar jaridar yankin ta zo ta ɗauki hoton yadda tsofaffi ke zaune lafiya ba bambanci. Sai a lokacin Mista Alexander ya farga cewa ba shi da ɗaki ko guda da za a nuna. Aka yi sa'a abokiyar ɗakin Madam Constance ta rasu, gadon bakin taga ya zama ba kowa. Ya zaga ɓangaren baya yana duba tsofaffi ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon Kirsimeti, har ya tsaya a kan Malama Olive Pruitt.

Malama Olive tsohuwar malamar makaranta ce, siririya, gashinta fari fat. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, amma harshenta lafiya lau. Pauline ce ta turo ta a keken guragu zuwa sabon ɗakin.

Madam Constance ta ɗaga kai daga matashi ta ce, "Mai aiki aka kawo mini?"

Malama Olive ta ce, "Maƙwabciya aka kawo miki. Ki rage ƙarar talabijin ɗin nan, ba kurma ba ce ni."

Ana jibi masu hoto za su zo, Pauline ta zauna yi wa Malama Olive kitso da rana, Madam Constance tana barci baki buɗe. Abin ya ci ta, ta kasa yin shiru.

Ta ce, "Malama, ke ma kin san wasan yara ake yi da ke. Wai haɗe makarantu, wai haɗe asibitoci. Me ya canza? An cire allo daga bango an maƙala shi a zuciya, shi ke nan."

Tsohuwar ta kai ido ga lambu. Ta ce ita ce shugabar wata ƙaramar makarantar baƙaƙe a ƙauyensu, can kudu da nan. Rufin yana yoyo, littattafan kuwa sai waɗanda 'ya'yan farare suka gama yagawa ake aiko musu. Duk da haka ta san uwar kowane yaro da kakarsa, kuma ba yaron da ya bar hannunta bai iya karatu ba. Da aka zo haɗe makarantu, ba a kawo ɗan farar fata ko ɗaya wurinta ba. Tata aka rufe. Aka kwashe yaran a mota zuwa makarantar farare, inda aka jera yawancinsu a ajin marasa ƙoƙari. Ita kuma aka kai ta ɗakin karatu tana jera littattafai a ƙarƙashin wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba.

Pauline ta tafa hannu ta ce, "To kin gani! Abin da nake faɗa ke nan. Aikin banza."

"Ban gama ba," in ji Malama Olive. "Kuma ki daina ja mini gashi."

Ta ce tana da ƙanwa, Ruth. Naƙuda ta zo mata da gardama, jini ya ɓalle. Akwai asibiti kusa da su, ana hango rufinsa daga gonarsu. Suka je, aka ce ba gadon baƙaƙe, su wuce Washington. A bayan motar ɗaukar taba Ruth ta cika, kanta a cinyar yayarta, ba su ko kai gadar shiga birni ba.

"A wannan asibitin jikata ta haihu bara," in ji tsohuwar. "Ta ƙofar gaba ta shiga. Likitan da ya karɓi haihuwar baƙar fata ne, ɗan wata ɗalibata. An cuce mu a cikin abin, ni na fi kowa sani, makaranta guda aka ƙwace mini. Amma ni ke da ikon in zage shi, ba ke ba. Wa kike tsammani ya sha tofin yawu kafin a bar mai irin fatarki ta sa farar riga ta tsira wa waccan tsohuwar allura? Kin sauko daga jirgi kin tarar an gama girki, kin zauna kina ci, kina cewa ba gishiri."

Tunda Pauline take, ba a taɓa rufe mata baki haka ba. Ta ƙarasa kitson, ta shafa mai, ta tattara matajinta ta fita. A gida ma da ta zuba abinci ba ta kushe komai ba, har Katung ya taɓa goshinta ya tambaya ko zazzaɓi ne.

Ana gobe hoto Mista Alexander ya roƙe ta ta zo da atamfa da ɗaurin ɗankwali, wai don hoton ya ƙara armashi. Washegari ta zo da farar rigarta ta aiki, an goge ta har tana ɗaukar ido.

Ta ce masa, "Nas kuka ɗauka, yallaɓai. In 'yan rawa kuke so sai ku yi haya."

Aka kawo furanni daga lambu aka cika ɗakin, aka shafa wa Madam Constance jan baki, aka matso da gadajen kusa da juna. Mai hoto ya ce tsofaffin su riƙe hannu. Madam Constance ta miƙo nata da yatsu a langaɓe, kamar sarauniyar da ke jiran a durƙusa. Malama Olive ta dubi hannun, ta sa damanta ta ɗago hagunta da ya shanye, ta ɗora a kai.

Ta ce, "Ga wannan. Ba ya jin komai."

Mai hoto ya yi dariya don bai san me zai yi ba, ya danna. Hoton ya fito a jarida da babban rubutu a kan zumunci da yafiya. Mista Alexander ya sa aka yi masa firam aka rataye a zauren shiga, daidai inda baƙo zai fara kai ido.

Ba a daɗe ba ɗan Madam Constance ya iso, wani dogo mai kwat da taushin murya. Ya gaisa da kowa, har da masu shara. Ya shige ofishin manaja, kuma da yake ƙofar ba ta rufu sosai ba, Pauline ta ji yana rantsuwa cewa shi ba ya nuna bambanci, abokansa baƙaƙe ba su ƙirguwa, kawai dai mahaifiyarsa ta tsufa, bai kamata a dame ta da sababbin abubuwa ba.

Washegari da hantsi Mista Alexander ya kira Pauline, suka shiga ɗakin tare. Ya buɗe haƙoransa ya ce wa Malama Olive albishirinta, an yi wa tsohon ɗakinta fenti, yau za ta koma.

Malama Olive tana zaune a kekenta a bakin taga. Ta ce, "An taɓa kwashe ni daga ofishina, ban ce uffan ba, don kada a huce a kan yarana. Yanzu ba ni da yara a hannun kowa. Ba inda za ni."

Ya juya ya ce, "Pauline, tura ta."

Pauline ta kama hannun keken. Ta dubi kitson da ta yi da hannunta, ta dubi manajan. Sai ta sa ƙafa ta taka birki, ƙas, ta rungume hannu.

Ta ce, "Yallaɓai, faɗa mini dalilin tukuna, don in mai jaridar nan ya dawo ya tambaye ni in san abin da zan ce masa."

"Ba dalili. Tsari ne kawai."

"To tsarin ya zo ya tura ta. Ni bayana ke ciwo."

Kafin nan matan da ke taya aikin sun taru a bakin ƙofa, baƙaƙen Amurkan nan da Pauline ta shekara huɗu tana taɓe wa baki. Mista Alexander ya kira ɗaya, ta ce hannunta da sabulu. Ya kira wata, ta ce ita ma bayan nata ne. Ya tsaya yana kallon keken. Ba abin da zai hana shi turawa da kansa, sai dai kowa ya san a zauren nan hoton yake rataye, kuma baki ba ya rufuwa. Murmushin ya bushe a fuskarsa, ya gyara wuyan riga ya fita.

Bai kori Pauline ba, ya fi haka wayo. Sai kawai aka wayi gari duk aikin Lahadi ya faɗo kan Pauline, da na Kirsimeti, da na Ista. Ta yi wata da watanni ba ta leƙa coci ba. Matan zumuntar coci suka fara tambayar Katung ko lafiya. Ta aika musu cewa Ubangiji ya san hanyar gidan tsofaffi, in su ba su sani ba.

Tsofaffin biyu kuwa ba su zama aminai ba, kada wani ya yi ƙarya. Kullum faɗa: a buɗe taga, a rufe taga, wace tasha za a kalla, wa ya yi minshari. In Madam Constance ta manta ta kira maƙwabciyarta da sunan wata tsohuwar mai aikinta, Malama Olive ta yi kamar da bango ake magana har sai an faɗi sunanta daidai, da Malama a gaba. In Madam Constance ta yi kuskuren Turanci ta gyara mata kamar 'yar aji biyu. Amma Pauline ta lura da abu ɗaya. Tsohuwar da a da sai an yi da gaske take cin cokali uku, yanzu tana share kwano don kada maƙwabciyarta ta riga ta.

Da bazara ta zagayo ɗan ya gaji da jira, ya samo wa uwarsa wani gida can Virginia. Ranar tafiya Madam Constance ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu tana kuka, tana cewa, "Malama Olive, ki gaya musu! Ki gaya musu ba na so!" Ɗan yana ta ba mutane haƙuri, wai ruɗewar tsufa ce.

Malama Olive ta ce, "Ku ɗauko mata rigar sanyinta, tana bayan ƙofa. Ba ta iya faɗa in tana jin sanyi."

Da aka fita da ita Pauline ta ce, "Malama, ko dai kewa ce?"

"Ta fi talabijin," in ji tsohuwar, ta juya ga lambu.

Gadon ya daɗe ba kowa. Duk iyalin farar fata da aka zagaya da su, in sun leƙa ɗakin sai su yaba hasken, su yaba furannin, su ce za su yi shawara. Da kamfani ya gaji da asara sai ya sa wata baƙar tsohuwa. Daga nan na ɗakin kusa suka fara tuna cewa suna da 'yan'uwa a wasu garuruwa. Kafin shekara biyu ɓangaren gaba ya koma kusan duk baƙaƙe, kuma a daidai lokacin ne kamfanin ya gano cewa ba ya buƙatar mai kula da lambu. Ciyawa ta haɗiye furannin. Pauline ta zo da almakashi daga gida, in ta samu sarari ta datse abin da ke gaban tagar Malama Olive, tana yi tana zagin kamfanin da Hausa da yarensu na Berom.

A wannan gadon Malama Olive ta rasu a 1987, da rana tsaka, bayan ta gama yi wa wata ma'aikaciya faɗa a kan yadda ake naɗe bargo. Pauline ta je jana'iza a wani cocin baƙaƙe da ya cika maƙil da tsofaffin ɗalibai, masu furfura da masu sanda. Ta dawo ta ce wa Katung waƙarsu ta yi tsawo, wa'azinsu ya yi ihu, amma idonta a kumbure yake. Bayan 'yan watanni ta ajiye aikin, ta koma wani asibiti, ɗakin masu haihuwa.

Halinta bai canza ba, sai dai an samu abu guda da ba a faɗa a gabanta. A wani bikin suna a Takoma Park, mata sun cika falo, wata amarya mai suna Furera, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, ta gyara mayafi ta ce ita fa baƙaƙen ƙasar nan mamaki suke ba ta, an ba su komai amma kullum ƙorafi.

Pauline ta ajiye kofinta ta ce, "Ƙanwata, yaushe kika zo?"

"Watan jiya, Anti."

"A jirgi a gaba kika zauna ko a baya?"

"A tsakiya."

"Da kika sauka, wace ƙofa aka nuna miki?"

Furera ta dubi sauran matan ta ce, "Wadda kowa ya bi mana."

"To ki ci shinkafarki," in ji Pauline. "In kin shekara goma kin san sunan mutum ɗaya a cikinsu, ki zo mu yi hirar."

Mai jego ta yi sauri ta ce a kawo tuwo. Pauline ta gutsura, ta juya lomar a hannu, ta tambayi wa ya tuƙa wannan, kuma da garin me.